Kifin Randar Kakata

Ranar wata Alhamis ce, kwana arba'in bayan ruwan shuka, a shekarar da na fara ɗaukar tulu ni kaɗai ba tare da an ɗora mani ba. Gero ya kai gwiwa, maza suna gona wajen noman farko, ni kuwa ina tsakar gida ina tsince tsakuwa daga cikin wake. Sai na ji kukan jakuna a ƙofar gida, da wata murya da ban sani ba tana sallama. Babana ya shigo da hauya a kafaɗa, ya ce in kai wa baƙi ruwa maza. A gidanmu randa biyu ce, ta innata a bakin madafa, da ta kakata Tumba a ƙarƙashin tsamiya. Ta Kaka ta fi sanyi, amma doka ce ba a ɗiba daga cikinta sai an leƙa, an kaɗa ruwan da moɗa a hankali. Garin sauri ban leƙa ba. Na zurma ƙwarya, na rufe da faifai, na nufi zaure.

A zaure na tarar da mutum irin wanda ban taɓa gani ba. Fatarsa ja kamar wanda aka feɗe, gemunsa kamar gashin masara, yana zaune kan wani akwati yana rawar ɗari saboda zazzaɓi. Na durƙusa na miƙa, na kau da kai. Ya buɗe faifan, ya ɗaga ƙwaryar za shi kai baki, sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ruwan har babana ya zaci ƙazanta ce a ciki, ya yi mani harara wadda na san bulala na biye da ita. Mutumin nan ya aje ƙwaryar a ƙasa da hannu biyu kamar mai kwantar da jariri, ya sauko daga akwatin ya durƙusa, ya cire malafarsa. A cikin ruwan wani ɗan kifi ne yake zagayawa, bai kai ɗan yatsana tsawo ba, jikinsa shuɗi mai walƙiya, da ɗigo-ɗigon ja kamar an yayyafa masa lalle, bakin wutsiyarsa rawaya. Mu ɗan damina muke ce masa. Ban taɓa ganin babban mutum ya durƙusa wa kifi ba sai ran nan.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane yadda kifin nan ya kusa hallaka mu. Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma a zamanin nan zaman tsakani ba shi da daɗi. Tun da aka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, yaƙi bai mutu ba a ƙasar, sai dai ya yi barci ya farka. Mutanen Isa in sun ga zanen fuskarmu sai su ce 'yan leƙen asirin Sabon Birni ne, mutanen Sabon Birni kuma su ce mun bi Fulani tunda muna cin kasuwar Isa. Da kaka ta yi, an tara hatsi, sai mahara su faɗo, wata shekara daga kudu, wata daga arewa. Ba mu da ganuwa, ba mu da dawaki. Abin da muke da shi kurmi ne guda gabas da gari, na sarƙaƙiya da ƙaya, wanda doki ba ya shiga, mutum ma sai da rarrafe, ta wata kafa ɗaya da ake toshewa da reshen ƙaya. A tsakiyarsa akwai fili da wani ɗan tafki wanda bai haɗu da kowane gulbi ba. Nan ake ɓoye mata da yara, nan aka haƙa ramukan hatsi. Kaka ta ce a bayan uwarta ta fara shiga wurin, tana jaririya, lokacin da suka tsero daga Alkalawa. Kafin yaro ya iya Fatiha a makarantar allo, an riga an koya masa cewa ba a ambatar kurmin nan gaban baƙo. Ko wasan ɓoyo muke yi, in wata ta nufi gabas sai manyan 'yan mata su daka mata tsawa.

Ɗan damina kuwa a tafkin nan kaɗai yake. Da rani tafkin yakan bushe ƙamas, ƙasa ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki, wata bakwai ba ɗigon ruwa. Amma ruwan farko na sauka, bayan 'yan kwanaki sai ga kifi. Mu yara cewa muke yi tare da ruwan sama suke faɗowa. Kaka ta san ba haka ba ne. Kowace shekara a tsakiyar rani takan rarrafa ta shiga da wuƙa, ta yanko busasshiyar laka daga gindin tafkin, curi uku ko huɗu, ta naɗe da tsumma ta aje cikin tukunya bayan gadonta. In damina ta faɗi sai ta jefa curi ɗaya a randarta, kifin su fito su cinye tsutsotsin ruwa, ruwanta ya zauna garau. Haka ta ga uwarta na yi. Ba wanda ya ɗauki wannan abin mamaki a garinmu. Aikin tsofaffi ne, kamar kaɗi da gurzar auduga.

Baƙon namu Nasara ne, tun kafin su zo da mulki. Gulbi ya cika ya tare masa hanya, ga zazzaɓi, sai mai gari ya ce a sauke shi a zaurenmu. Akwatunansa cike suke da kwalabe, shi ya sa muka sa masa suna Mai Kwalabe. Ba ciniki ya kawo shi ba, ba yaƙi ba. Fara, ƙadangare, ciyawa, gashin tsuntsu, su yake tarawa. Tare da shi akwai ja-gabansa mai suna Labbo, mutumin Isa, dogo mai fara'a, wanda ya yi fatauci har babban kogin kudu ya tsinci harshen Nasara. Duk maganar da za ta shiga kunnen Mai Kwalabe ta bakin Labbo take bi. Labbo ya iya wasa da yara, ya iya yabon tuwo, amma innata ta lura cewa idonsa kullum yana kan rumbunanmu, har ya taɓa tambayar babana yadda gona mai faɗi haka take da rumbu ƙarami.

Tun ranar farko, zazzaɓi na kaɗa shi, Mai Kwalabe ya sa aka aje ƙwaryar inda haske ke faɗowa, ya fito da takarda da wani ɗan tsinke mai gashi a baki da ruwan launi iri-iri. Ni ina leƙe ta kafar zana. Kafin la'asar kifin ya zama biyu, ɗaya a ruwa, ɗaya a takarda, har ɗigon jan da ke kusa da ido bai manta ba. Ya hange ni ya yafuto ni, ya miƙo mani wani ɗan madubi mai ƙara girman abu, ya nuna mani in duba. Shekara tara ina shan ruwa tare da ɗan damina, ashe ban taɓa ganinsa ba. Kowane ɓawo na jikinsa an zagaye shi da zaren ja, jeri-jeri, ba wanda ya kauce, ya fi duk ɗinkin rigar da na taɓa gani. Gefen kansa na buɗewa yana rufewa. Idonsa da zobe kamar na zinariya. Na ce a raina, wa ya zauna ya yi wa abin da ba wanda zai duba irin wannan ado? Daga baya ya jefa kifin a kwalba mai wani ruwa mai warin giya. Kafin gari ya waye shuɗin ya tafi, jan ya tafi, ya koma fari fat. A nan na gane abin da ya sa ya yi saurin zana shi. Na zaga bayan rumbu na yi kuka.

Da la'asar maza sukan taru a ƙofar zaure su kalli baƙo. Wata rana wan babana ya sa Labbo ya tambaye shi me zai yi da abin da ko kyanwa ba zai ƙosar ba. Mai Kwalabe ya ce labari ne zai kai gida. Ya ce a ƙasarsu akwai wani gida da masu ilimi ke taruwa, duk wanda ya kawo halittar da ba a taɓa rubutawa ba sai a karanta a gaban jama'a, a raɗa mata suna, a aika takardu gari-gari. Maza suka yi ta dariya har wan babana ya sarƙe da goro. Babana ya ce, "Mu nan labari shi ne wane gari aka ƙone, ɗiyan wa aka kama. In kifi labari ne a garinku, lalle kuna kwana lafiya." Limaminmu kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ce mutumin da ya bar uwarsa ya ƙetare ruwa don ya duba aikin Allah bai cancanci dariya ba, ko da bai san alƙibla ba.

Da ya tambayi daga wane gulbi aka kamo kifin, Kaka da kanta ta fito tana dogara sanda, ta ce ba daga gulbi ba ne, daga ƙasa ne. Ya girgiza kai. Ta koma ɗaki ta ɗauko curin da ya rage mata, ta ba shi ya shinshina, ya murza da yatsa, busasshe kamar katangar tukunya. Ta sa shi a sabuwar ƙwarya, ta zuba ruwan sama, ta rufe da faifai, ta ce ya aje kusa da kansa don kada ya ce ta yi masa dabara. Washegari da hantsi aka buɗe, rabin gari na tsaye. Da ido ba a ganin komai sai laka. Ya kara madubi, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya miƙa wa liman, liman ya miƙa mani. Wasu 'yan abubuwa ne kamar gashin ido, kowane da idanu biyu baƙaƙe, suna iyo sama da ƙasa. Jiya ƙasa ce, yau tana kallona. Mai Kwalabe ya zauna, hawaye na bin gemunsa. Liman ya ce haka kaburbura za su zama ranar da Allah ya so. Kaka ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Ba mutuwa suka yi ba, malam. Jira suke yi."

Daga nan wahala ta fara. Mai Kwalabe ya ce labari irin nasa ba ya tsayuwa sai da abu uku: jikin halittar, da zanenta, da wurin da aka same ta. In ba wuri, mutanen gidan nan za su ce a kasuwa ya saya, ko ƙirƙira ya yi. Kaka ta koma kurma ƙarfi da yaji. Babana ya ce wannan harkar mata ce, shi bai sani ba. Sai Labbo ya juyo kaina. Ya tare ni a hanyar rijiya, madubin nan a hannunsa yana juya shi rana na wasa a ciki, ya ce Mai Kwalabe ya ce nawa ne in na nuna wurin. "Kulu ɗiyar Gobir, ke da kin fi su wayo duka, ina kakarki ke yanko lakar ga? Ba sai kin yi magana ba, nuna da baki kawai." Wallahi ba a taɓa yin abin da na so kamar madubin nan ba. Kuma ina tausayin baƙon, ina son mutanen bayan ruwa su ji labarin kifinmu su ma su durƙusa. Na ji bakina ya fara karkata gabas. Da ƙyar na haɗiye, na ce gobe za ni nuna. Na bar tulun a nan na ruga gida na faɗa wa Kaka.

Ba ta buge ni ba. Ta dube ni ta tambaye ni ko na san a kunnen wa maganar za ta fara sauka, na ce na sani. Ta ce, "Kin ce za ki nuna, sai ki nuna. Je ki ɗauko tulunki." Da rana tsaka, baƙi na barci, muka ɗauki kwando kamar masu zuwa tsinkar tafasa. Muka fita ta yamma, muka zaga ta cikin dawa, muka rarrafa cikin kurmi, tsohuwa a gaba ƙaya na yagar bayanta. Da wani tsohon zane muka tace kifi muka cika tulu. Muka dawo muka juye su a kududdufin da ke yamma da gari, inda ake haƙar ƙasar gini.

Da safe na ja baƙin zuwa can. Mai Kwalabe ya zurma 'yar komarsa, ta fito da shuɗi da ja suna tsalle. Ya yi murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya auna kududdufin da taki, ya dubi rana da wani ƙarfe, ya rubuta, ya ƙara rubutawa. Ya ɗora hannu a kaina ya ce na gode da Hausarsa mai karkata, ya damƙa mani madubin. Labbo kuwa ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce a hankali, "Lakar ga ja ce, Kulu. Ta kakarki baƙa ce." Na ce in ta bushe baƙa take komawa. Ya yi dariya, bai fassara wa maigidansa ba. Kwana uku bayan haka gulbi ya janye, suka ɗaure kaya suka tafi.

Da kaka ta yi, ana cikin ɗaure dammuna, wata hantsi muka ji kururuwa daga gona. Muka rarrafa cikin kurmi, aka toshe kafa. Kwana biyu muka yi a ciki. Mun ji dawaki sun zagaya gefen ƙaya, innata ta danna bakin ƙanena a nono don kada ya yi kuka, sannan muka ji sun yi yamma. Ni ina kwance a bakin tafki rub da ciki, madubi a hannu, ina kallon ɗan damina na yawonsa kamar ba abin da ke faruwa a duniya. Da muka fito mun tarar an ƙone rumbuna, an kore awaki, kuma an tone kewayen kududdufin nan kaf da tsinin mashi, ana neman ramukan hatsi. Amma ba a kama mutum ko ɗaya ba, hatsinmu kuma ya kai mu damina. Wasu mata sun ce sun ji muryar Labbo cikin maharan. Ni ban gani da idona ba, ba za ni ɗora masa abin da za a tambaye ni ba.

Gari ya tsira, amma ƙaryata ta tafi bayan ruwa cikin takarda. Da aka yi mani aure na ba maigidana labarin, Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama. Daga nan duk shekara in ruwan farko ya sauka sai ya leƙo ɗakina ya ce, "Mai yi wa Nasara ƙarya, tashi, 'yan uwanki sun farka." Sai in jefe shi da mafici. Bayan Nasara sun karɓi ƙasa wani daga cikinsu ya zo da takarda yana tambayar kududdufi mai kifi yamma da garinmu. Ya kwana biyu yana tacewa, bai sami komai ba sai kwaɗi, don kowane rani ana haƙe ƙasar wurin, kifin da muka zuba sun daɗe da shiga bangon ɗakuna. Ni ina jego a lokacin, sai bayan ya tafi na ji. An ce cewa ya yi mutumin farko bai faɗi gaskiya ba. Wannan magana ta zauna mani a ƙirji. Mutumin da ya yi kuka don aikin Allah, ni na sa aka ƙaryata shi.

Kwanan baya jikana yana karanta mani jarida, sai ya zo inda aka ce an gano wata sabuwar halitta a wata ƙasa, har da hotonta. Ya yi dariya ya ce wai wannan ma labari ne. Na ce masa labari ne, ya ɗauko alƙalami. Yanzu ba wanda muke ɓoye wa kanmu, don haka a rubuta a gyara. Ba yamma ba ne, gabas ne. In ka bar tsohuwar tsamiyar gidanmu ka fuskanci mafitar rana, kafin ka gaji da tafiya za ka ga inda gonar gyaɗa ta yi kwari, ƙasar wurin baƙa. Nan tafkin yake, nan ɗan damina yake. In akwai wanda ya gaji takardun Mai Kwalabe, a gaya masa mutumin bai yi ƙarya ba, yarinya ce ta yi, kuma da dalili.

Sai dai wanda ya je ba zai ga komai ba. An sare kurmin tun da zaman lafiya ya samu, rairayi ya cike tafkin, yaran yanzu suna bi ta kansa da awaki ba su san an taɓa riƙe numfashi a wurin ba. A da muna da abin al'ajabi muna tsoron faɗa, yau bakinmu a sake yake amma abin ya tafi. Madubin yana nan ya tsage, idanuna ma sun tafi. Maigidana ya rasu bana da bazara, kwana tara kafin ruwa. Ranar da ruwan ya sauka na zauna a bakin ƙofa ina sauraro, ba wanda ya leƙo ya tsokane ni, na yi kuka har maƙwabta suka shigo, kuma har yau ban daina ba, ba na jin kunyar faɗa. A bayan gadona akwai tukunya, cikinta curin laka guda da na yanko shekarar da aka fara saran kurmi. Ban taɓa jiƙa shi ba, ina tsoron in buɗe faifai in ga laka kawai. Wani lokaci nakan ɗauko shi in riƙe, in tuna wanda aka kwantar cikin busasshiyar ƙasa bayan gari.

Kaka ta ce jira suke yi. Ni ma jira nake yi.